Kwana tara DHCP na mace a ginin ofisoshi ba wanda ya sani: yadda ƙaurar saba ta kaya mana a Birnin Kebbi

Wanga aiki na yi shi ne a wata makarantar kuɗi da ke nan Birnin Kebbi, ba zan kama suna ba don har yau muna tare, kuma mafi yawan laifin da ke cikin labarin nawa ne ba nasu ba. Duk yaron da na ba labarin sai ya ce ai Oga ɗauke DHCP, mai raba ma kwamfutoci adireshi, daga wata saba zuwa wata aikin minti goma ne, kuma gaskiya ya faɗi, ni ma cikin minti goma na yi. Abin da ya biyo baya ne ya ci kwana tara.

Ga yadda wurin yake. Suna da tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke yi ma sauran hidima, mai Windows Server 2012 R2, adireshinta 10.10.10.5, ta tsufa ƙwarai, fankarta na kuka kamar injin markaɗe, ƙurar hunturu ta shekaru ta cika ta, ga shi Microsoft sun daina ba wagga Windows sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 10 ga Oktoba 2023. Sun sayi sabuwa mai Windows Server 2022 munka ba ta 10.10.10.6, kuma tun zangon da ya wuce na riga na kwashe Active Directory (mai riƙe da asusun masu shiga kwamfutoci) da DNS (mai fassara suna zuwa adireshi) na mai da kanta, komai ya zauna lafiya. Abin da ya rage ma tsohuwar DHCP kawai. Netwok ɗin an raba shi gida huɗu, kowane gida ana ce masa VLAN: VLAN 10 sabobi da ɗakin kwamfuta na ɗalibai, VLAN 20 laburare da azuzuwa, VLAN 30 ginin ofisoshi inda ofishin kuɗi da na rajista suke, sai VLAN 40 na Wi-Fi. Kowane da rumbun adireshinsa a cikin DHCP, rumbu huɗu kenan. Ku riƙe wanga huɗu, za mu dawo kansa.

Ga wanda bai saba da abin ba, DHCP kamar dillalin gidajen haya yake. Kwamfuta in ta tashi ba ta da adireshi sai ta yi shela cikin netwok, wa zai ba ni wuri, saba ta yi mata tayi, ta ce na karɓa, saba ta tabbatar mata, saƙo huɗu kenan, saba na saurare a UDP 67 kwamfuta kuma a 68. Tare da adireshin ake ba ta ƙofar fita (inda saƙonta ke bi ya fita zuwa wani netwok) da DNS da sunan domen (sunan gidan da kwamfutocin wurin ke ƙarƙashinsa). Amma ba kyauta ake ba ta ba, haya ce mai wa'adi, kuma a Windows in ba ka taɓa komai ba wa'adin kwana 8 ne. In rabin wa'adi ya yi, wato kwana 4, kwamfuta ta koma kai tsaye wurin sabar da ta ba ta ta nemi ƙari. In ba ta samu amsa ba ba ta tada hankali, ta ci gaba da aikinta har sai kashi 87.5 na wa'adin ya tafi, kwana 7 kenan, sannan ta yi shela ga duk sabar da ke ji. In wa'adi ya ƙare ƙaf ba amsa, Windows sai ta laƙa ma kanta adireshi mai farawa da 169.254, wanda ba ya kai ka ko'ina. Duk wanga tsari yana nan rubuce a RFC 2131 tun 1997, ban da na 169.254 ɗin da aka tsara daban, kuma wallahi na san shi, na sha koya ma yara shi a allo. Sanin ne bai hana ni ba.

Sai abu na biyu, shelar nan ba ta tsallake rauta, wato na'urar da ke haɗa wani netwok da wani. Kwamfutar da ke VLAN 20 in ta yi ihu, sabar da ke VLAN 10 ba ta ji, dole sai an sa ɗan aike a kan na'urar da ke riƙe da ƙofar wannan VLAN ɗin, shi ke ɗaukar saƙon ya kai ma saba a adireshinta. A na'urorin kamfanin MikroTik sunansa DHCP Relay, a na Cisco kuma ip helper-address. To in ka canza adireshin saba dole ka bi kowane ɗan aike ka faɗa masa an tashi daga tsohon gida.

Wani zai ce mi ya hana ka ba sabuwar adireshin tsohuwar ka huta. Na yi wanga tunani. Sabuwar ta riga ta ɗauki Active Directory da DNS a .6 (wato 10.10.10.6) kuma duk kwamfutocin makarantar can suke kallo, ba na son in taɓa, sannan ina son tsohuwar ta zauna da .5 ɗinta yadda in abu ya ɓaci zan kunna ta kawai a koma gidan jiya. Har yau ban ga laifin wagga shawara ba.

Ranar Asabar bayan la'asar munka shiga, ni da ɗan bautar ƙasan da ke kula masu da kwamfutoci, an tada janareto don kar a ɗauke wuta tsakiyar aiki. Na sa DHCP a sabuwar, sannan na fitar da komai daga tsohuwar da Export-DhcpServer na haɗa da -Leases, wanga -Leases ɗin muhimmi ne ƙwarai don in ka bar shi rumbunan za su zo amma sabuwar ba za ta san wa ke riƙe da wane adireshi ba, sai ta fara rabon abin da ke hannun mutane. Fayil ɗin XML ne ƙarami, na kai shi can na yi Import-DhcpServer, shi ma da -Leases, kuma ba ya yarda sai ka ba shi -BackupPath inda zai ajiye abin da ya tarar. Ya shiga ba gardama. Rumbu huɗu sunka fito, adireshin da anka keɓe ma firintoci da na'urar ɗaukar yatsa ta ma'aikata duk suna nan. Na ba sabuwar izini a Active Directory da Add-DhcpServerInDC, don sabar Windows da ke cikin domen ba ta raba ko adireshi ɗaya sai an ba ta izini, jar alamar da ke kanta a allon DHCP ta koma kore. Na sake shigar da asusun da DHCP ke rajistar sunaye da shi a DNS don kalmar sirrinsa ba ta bin fayil ɗin. Na sa ta riƙa gwada adireshi sau 2 kafin ta bayar, asali a 0 yake zuwa. Na duba zaɓi na 003 da 006 da 015, wato ƙofar fita da DNS da sunan domen, a kowane rumbu, daidai suke. Sai na buɗe Winbox, manhajar sarrafa MikroTik, na shiga MikroTik ɗin da ke tsakiyar netwok, na tarar da ɗan aike biyu, na VLAN 20 da na VLAN 40, na mai da su .6. Na kashe tsohuwar saba.

Gwaji kuma na yi, kar a ce ban yi ba. A ɗakin kwamfuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew, wato a saki adireshi a sake nema, adireshi ya zo, ipconfig /all ya nuna DHCP Server 10.10.10.6. Laburare haka. Wi-Fi na manta da netwok ɗin a wayata na sake shiga, ya ba ni. Ginin ofisoshi kuwa a kulle yake, makulli na hannun masinja shi kuma ya tafi Kalgo ɗaurin aure. Na tsaya bakin ginin na ga Wi-Fi na kamawa, na buɗe rumbun VLAN 30 a sabuwar saba na ga jerin kwamfutoci cike da sunayensu, na ce ma yaron mu tafi magariba ta kusa.

Abu biyu sunka ruɗe ni a nan kuma duk biyun ba shaida ba ne. Wi-Fi ɗin ginin a VLAN 40 yake, wayarsa ce kawai ta ratsa ta ginin, ba ruwansa da 30. Jerin da na gani a rumbu kuwa ni na shigo da shi da hannuna minti ashirin da sunka wuce, sunayen da tsohuwar saba ta rubuta ne, ba wanda ya zo wurin sabuwar da ƙafarsa. Kamar ka kwafe littafin bashin wani shago ka zauna kana murna kana da kwastomomi.

Litinin da safe na kira yaron, yac ce Oga komai lafiya lau, ofishin kuɗi suna ta buga rasit. Na kira shugaban makarantar, yac ce Injiniya Allah shi yi albarka, ba mu ma san an yi wani abu ba. Na rubuta takardar kuɗina na aika.

Dalilin wanga lafiya lau shi ne abin da nake son a fahimta. Kwamfutocin ginin an kunna su ranar Juma'a da safe, kuma Windows duk sanda ta tashi takan tabbatar da hayarta, to tsohuwar saba ta sabunta masu kwana 8 cur, har Asabar ta gaba da safe. Ranar Litinin sunka tashi sunka yi tambaya, ɗan aikensu ya kai saƙo gidan da ba kowa, shiru. Windows in ta ga haka kuma wa'adinta bai ƙare ba sai ta gwada ƙofar fita, in ta amsa ta ce to ina nan inda nake, ta ci gaba da tsohon adireshi ba tare da ta nuna ma mai ita komai ba. DNS kuma dama .6 suke kallo. Don haka Litinin, Talata, duk ginin na aiki da guzurin da tsohuwar ta bar masu, kullum yana raguwa ba wanda ke gani.

Laraba alama ta farko ta fito kuma munka taka ta munka wuce. Laftof ɗin Hajiya shugabar ofishin kuɗi ya ƙi shiga manhajar makaranta. Ita ta yi tafiya Sakkwato a makon da ya gabata, rabon laftof ɗin da wayar ofis tun Talata, don haka nata wa'adin ya riga na kowa ƙarewa. Yaron ya je ya ga 169.254, ya canza waya, ya canza rami a bango, bai yi ba, ga Hajiya a tsaye kansa tana cewa ɗana yi sauri mutane na jira, sai ya duba adireshin kwamfutar kusa ya ƙirƙiri wani makamancinsa ya sa mata da hannu. Nan take ya yi aiki. Da yamma ya turo min saƙo a WhatsApp cewa laftof ɗin Hajiya ya yi ɗan rikici amma ya gyara, na tura masa babban yatsa. Ban tambaye shi wane irin rikici ba. Da na ji 169.254 a ranar da labarin nan bai kai haka ba, kuma ba zan ɗora ma yaron ba, shi an koya masa matsala ta tafi, ta kuma tafi.

Litinin ta biyu ina Argungu wurin wani aiki, tara saura waya ta fara ƙara. Ofishin kuɗi ba kwamfutar da ke shiga, ofishin rajista haka, ga shi makon biyan kuɗin zango ne ɗalibai sun yi layi har waje cikin rana, kuma manhajar kuɗi an tsara ta ba ta karɓar kowa sai daga VLAN 30, don haka Wi-Fi ba ya fisshe su. Na ce ma yaron karanto min ipconfig na kwamfuta uku. Ta farko 169.254, ta biyu 169.254, ta uku 192.168.8 da wani abu. Na ce sake karantawa. Ya sake. A makarantar nan kaf ba mu da 192.168 ko ɗaya.

Ashe wani malami a ofishin rajista da ya ga ba netwok, da kyakkyawar niyya ya ɗauko ƙaramar rautarsa mai SIM daga mota ya soka wayar bango a bayanta wai ya taimaka ma ofis da data. Ita kuma da nata DHCP a ciki, ta tarar da gini cike da kwamfutoci na ihun neman adireshi ba mai amsa masu, ta shiga rabo. Waɗanda sunka samu nata sai ga intanet na yi, Facebook na buɗewa, amma sabar makaranta ba su ganinta, shi ya sa labarin da ke zo min a waya ya ƙi haɗuwa, wannan ya ce ba netwok wancan ya ce akwai netwok manhaja ce ta lalace. Na ce a bi ofis ofis a cire duk wata na'urar da ba tamu ba, na hau mota.

Ina hanya, shugaba ya gaji da jira, yac ce ma yaron ba Injiniya ya ce in abu ya ɓaci a kunna tsohuwar ba, a kunna ta. Kuma na faɗi haka, ban musa ba. Abin da ban yi ba shi ne ban cire mata izini a Active Directory ba, ban kuma hana DHCP ɗinta tashi da kansa ba, kashe ta kawai na yi. Tana tashi ta kama aiki. Cikin minti kaɗan ginin ofisoshi ya dawo, layi ya fara tafiya, shugaba ya kira ni yac ce Injiniya sabuwar nan taku ce ba ta da kyau, tsohuwar da kunka raina ga ta ta fisshe mu. Na ce ranka shi daɗe ina tafe.

Wagga magana tasa ita ta ba ni amsar tun kafin in iso. In kunna .5 ya gyara VLAN 30, to har yanzu akwai mai kai saƙon VLAN 30 zuwa .5. Nan cikin mota na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar Asabar: rumbu huɗu, ɗaya yana gida ɗaya da saba ba ya buƙatar ɗan aike, saura uku, ni biyu na gyara. Lissafin ɗan firamare.

Na iso na tarar da sabuwar wuta a ɗakin kwamfuta. Shi yana VLAN 10 tare da sabobin biyu, don haka duk wanda ya yi shela su biyun ke ji su biyun ke tayi, kwamfuta kuma ta kama wanda ya riga isowa. Tsohuwar ta kwana tara tana barci, a littafinta duk hayar da ta bayar ta ƙare, kowane adireshi fanko ne, kuma ita ba a sa mata gwaji kafin bayarwa ba, ga shi a cikin makon an kawo ƙarin laftof don gwajin jarabawa sabuwar ta ba su wurare. Sai tsohuwar ta riƙa miƙa adireshin da ke da mai shi. Inda mai shi ke kunne, kwamfutar da anka ba takan yi tambaya da ARP, saƙon da ke cewa wa ke da wanga adireshi, ta ji akwai wani ta mai da tayin, sai ka ga BAD_ADDRESS a jeri. Inda mai shi ke kashe kuwa sai ta zauna, shi kuma ya tashi ya tarar da baƙo a ɗakinsa, ɗaya daga cikinsu ya faɗi daga netwok. Malamin da ke aji ya ce kwamfutoci na ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya kamar masu aljanu.

Ban kashe tsohuwar nan take ba don ita ke riƙe da layin biyan kuɗi. Na shiga cikinta na dakatar da rumbun 10 da 20 da 40, na bar mata 30 kaɗai, ɗakin kwamfuta aka bi su da release da renew ya lafa. Sannan na tafi neman ɗan aike na uku. Na bi adireshin ƙofar ginin, 10.10.30.1, na ga ba a kan MikroTik yake ba sam. A bayan ofishin rajista akwai wani ɗan ɗaki da ake ajiye tsofaffin fayil da tsintsiya, can sama jikin bango akwai akwatin ƙarfe, ciki suwic ɗin Cisco ne irin mai iya aikin rauta, wanda ya yi masu waya shekarun baya ya sa shi, shi ke riƙe da ƙofar VLAN 30 da kansa, MikroTik hanya kawai yake da ita zuwa gare shi. Na sha wucewa ta gabansa, a zatona suwic ne kawai mai raba waya. Ba ya cikin takardar da anka ba ni ranar da na karɓi wurin, amma ni ma shekara guda ina nan ban zana tawa ba, to wa zan zarga.

Kalmar sirri na fara tunanin yadda zan yi, sai yaron ya haska fitilar waya yac ce Oga ga wani rubutu, an rubuta ta da biro a salatif an manna cikin murfin akwatin. Na ji daɗi kuma na ji haushi lokaci guda. Na hau kujera da shuɗiyar wayar konsol da PuTTY, manhajar shiga irin wagga na'ura, a 9600, na buga show running-config don in ga tsarinsa, na gangara zuwa interface Vlan30, ga shi nan zaune: ip helper-address 10.10.10.5.

Kafin in taɓa shi sai da na tuna cewa tun safe tsohuwar ta raba sabuwar haya a VLAN 30 wadda sabuwar saba ba ta san da ita ba, in na juya haka kawai abin da ya faru a ɗakin kwamfuta zai maimaita kansa a ofishin kuɗi. Na jira sunka fita sallar azahar, na sake Export-DhcpServer amma da -ScopeId 10.10.30.0, wato rumbun 30 kaɗai, da -Leases, na shigar a sabuwar da -ScopeOverwrite don ya maye wanda ke can, na tsai da DHCP na tsohuwar. Sannan a Cisco na rubuta no ip helper-address 10.10.10.5, na sa ip helper-address 10.10.10.6. A kula, sa sabon ba ya goge tsohon, Cisco na karɓar fiye da ɗaya ya aika ma duka, wanda ke nufin da na san da shi tun farko da na ƙara .6 kusa da .5 mako guda kafin ƙaura, ranar aiki ba sai na shiga ginin ba ma. Sai write memory mai ajiye sabon tsarin, har sau biyu na buga don tsoro, a garin da wuta ke tafiya ba sallama in ka manta wannan, gobe da safe suwic ya tashi da tsohon tsarinsa ka koma inda ka fito.

Wannan karon ban yarda da jerin rumbu ba. Na buɗe C:\Windows\System32\dhcp a sabuwar saba, akwai fayil na kowace rana, na Litinin sunansa DhcpSrvLog-Mon.log, lamba 10 sabuwar haya ce, 11 sabuntawa, 13 an tarar adireshi na hannun wani, 15 an hana. Na sa yaron ya yi renew a kwamfutar ofishin kuɗi, layi mai 11 da 10.10.30 ya fito a gabana. Sai na buɗe na Talata da Laraba da Alhamis da Juma'a na makon da ya wuce, waɗanda ba a riga an rubuta a kansu ba, na nemi 10.10.30 mai lamba 10 ko 11, babu ko ɗaya. Gini guda, ranakun aiki cur, ba wanda ya zo. Amsar tana nan ajiye tun ranar farko, buɗe fayil ɗaya ne daga gida ma zan iya.

Laftof ɗin Hajiya na mai da shi kan karɓa da kansa, don adireshin da yaron ya sa mata yana tsakiyar rumbu kuma gwajin da saba ke yi da ping ne, wato ta ƙwanƙwasa adireshin ta ji ko akwai mai amsawa, garkuwar Windows kuma sau da yawa ba ta amsa ping, wata rana za a ba wani shi. Na ce ranki shi daɗe a yi haƙuri da abin da ya faru, tac ce ni dai Injiniya kar ya sake faruwa makon biyan kuɗi, sauran makonni ku yi ta gwajinku.

In an tambaye ni babban kuskuren, ba mantuwar Cisco ba ce, ko wa zai iya rasa na'urar da ke ɓoye bayan tsintsiya. Wa'adin kwana 8 da na bari ne. Da kwana tara ko goma kafin ƙaura na rage shi a tsohuwar saba zuwa awa 8, da kowace kwamfuta ta karɓi gajeren wa'adi kafin ranar, ginin ofisoshi zai faɗi ne Litinin ta farko da sassafe, ina gari, hankalina na kan aikin, ba makon biyan kuɗi ba, kuma ba wanda zai tsaya neman dalili don kowa ya san abin da anka taɓa shekaranjiya. Dogon wa'adi ya ɗauki matsalar ya kai ta ranar da har na manta na yi aikin. Amfaninsa kenan a ranar da saba ta mutu da kanta, ya ba ka kwanaki ka gyara ba wanda ya ji, amma ranar ƙaura wanga alheri nasa shi ke rufe maka ido. Wani abokin aikina a Gusau da na ba labarin yac ce shi ba ya rage wa'adi don in sabuwar ta ƙi aiki mutane za su faɗi da wuri, na ce ai shi nake so, su faɗi ina tsaye.

Da yamma na cire ma tsohuwar izini da Remove-DhcpServerInDC, na duba da Get-DhcpServerInDC na ga .6 kaɗai ta rage, na cire DHCP daga cikinta gaba ɗaya. A Cisco na kunna DHCP snooping a VLAN 30 yadda in wani ya sake soka rautarsa tayinta ba zai wuce ramin da ta shiga ba, malamin kuma ban bari an yi masa faɗa ba, don ba don ni ba da rautarsa na cikin mota. Wi-Fi na bar shi a awa 8 don wayoyin ɗalibai ba sa zama, masu waya kuma na sa su kwana 1 na mako biyu sannan na mai da su 8. Salatif ɗin na ɓare, kalmar sirri na canza. Munka zauna da yaron munka zana netwok ɗin a takarda, kowane VLAN da inda ƙofarsa take da wanda ke kai masa saƙo, kwafi ɗaya a ofishin shugaba ɗaya a wurina.

Na kawo ma shugaba maganar saba ta biyu, don tun Windows Server 2012 ana iya haɗa DHCP biyu su riƙa musayar littafin haya ta TCP 647, ɗaya ta faɗi ɗaya ta ci gaba, sharaɗin dai agogonsu kar ya saɓa da fiye da minti ɗaya kuma kowane ɗan aike, har na bayan tsintsiya, a nuna masa su biyun. Yac ce ba ga tsohuwar nan ba, na ce ranka shi daɗe wadda ba ta samun sabuntawar tsaro ba zan mai da ta ba. Yac ce to a bari sai an ga kuɗin zango mai zuwa. Tsohuwar tana sito yanzu, wayar wutarta kuma tana cikin jakata, don na san in na bar ta kusa wata rana wani zai ce a kunna.